Tambaya kan hawan duwatsun gindin Kufena ba da igiya ba: wane lokaci ya dace, kuma me baƙo zai tarar a wurin?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Na zo da wata tambaya da na daɗe ina juya ta a raina, kuma ina kyautata zaton ba za a rasa wanda ya san wurin da nake magana a kai fiye da ni ba.

Lokacin da nake karatu a birnin Shefild na ƙasar Ingila na koyi wani nau'in motsa jiki da Turawa ke kira boldarin, wato hawan manyan duwatsu waɗanda tsayinsu bai cika wuce mita huɗu ko biyar ba, ba tare da igiya ba. Abin da mai hawa yake buƙata bai wuce takalmi mai ƙasan roba da ke kama dutse ba, da garin alli na busar da gumin hannu, da wata katifa mai tauri da ake shimfiɗawa a ƙasa, sai kuma aboki da zai tsaya a bayansa ya ɗaga hannuwa domin ya karkatar da shi kan katifar idan ya suɓuto. Ba hawa ƙololuwar tsauni ake nema ba. Mutum yana iya shafe safiya guda a jikin dutse ɗaya yana neman yadda zai ɗora ƙafa da inda zai kama da yatsu har ya kai samansa. Wasan ya shiga gasar Olamfik tun daga wadda aka yi a Tokiyo a 2021, shi ya sa na ga wasu matasanmu sun fara tambaya a kansa.

Tun da na dawo gida, duk ranar da na bi hanyar Ɗan Magaji na hango Kufena daga nesa sai zuciyata ta tafi can. Abin kunya ne a ce ni haifaffen Zariya ban taɓa taka gindin wannan dutse ba, amma gaskiyar ke nan. Ba saman babban dutsen nake nufi ba, ina nufin mulmulallun duwatsun da ke zube a kewayensa, waɗanda nake hange kamar an jibge su da gangan.

Ga abin da nake son sani. Wane lokaci na shekara ya fi dacewa a je, kuma da wane ƙarfe? A Ingila an koya mini cewa sanyi shi ne abokin mai hawa, domin hannu ba ya gumi kuma roba ta fi kama dutse, amma ban sani ba ko hunturunmu da ƙurarsa zai yi daidai da hakan. Sannan me mutum zai tarar a wurin na ruwan sha, da wurin alwala da kewayawa, da inda za a ajiye mota? Akwai wanda ya kamata a nemi izininsa kafin a shiga? Mu huɗu ne muke da niyyar zuwa, kuma biyu daga cikinmu ba su taɓa hawa ba, saboda haka amanarsu tana wuyana. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Baba na Wusasa ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka fara da tambaya kafin ka ɗauki takalminka, domin matambayi ba ya ɓata. Ni a Wusasa aka binne cibiyata, na yi kiwon awaki a gindin wannan dutse tun ban kai shekara goma ba, kuma bayan na zama malamin makaranta na sha kai ɗalibaina can. Wannan wasan naku ban san shi da sunansa ba, amma hawan waɗannan duwatsu da tafin ƙafa mun yi shi har iyayenmu suka gaji da yi mana faɗa, don haka zan gaya maka abin da idona ya gani.

Ka cire damina daga lissafinka gaba ɗaya, tun daga watan Mayu har farkon Oktoba, musamman Agusta da ruwa ke kwana yana zuba. Ba jiƙewar dutse kaɗai ce matsalar ba. Duk inda ruwa ke gangarowa a jikin dutsen za ka ga wani baƙin zane, to wannan zanen idan ya sha ruwa gansakuka ce mai santsi kamar an zuba miyar kuɓewa, kuma na ga babban mutum ya zame a kanta yana tafiya a tsaye, balle wanda ya maƙale da yatsu. Ciyawa kuma, gamba da ƙyasuwa, takan fi tsayin mutum, ta rufe ramuka da ƙananan duwatsun da ke gindin manyan, ta yadda ba za ka san a kan me kake shimfiɗa katifarka ba. Ga gonakin mutane na masara da dawa da suka kai har jikin duwatsun, kuma babu manomin da zai ji daɗin ganin samari huɗu sun ratsa masa shuka ɗauke da katifu. Uwa uba tsawa. Hadari idan ya taso daga gabas ba ya jiran kowa, kuma falalen dutse ba wurin da mai hankali zai tsaya ba ne a lokacin.

Mutane da yawa suna ɗauka da zarar ruwa ya ɗauke shi ke nan, amma kaka ma tana da nata. A Oktoba da farkon Nuwamba ciyawa tana nan a tsaye, raɓa tana jiƙa komai har hantsi, kuma lokacin ne macizai suka fi yawo saboda ɓeraye sun cika gonaki. Ni shawarata ka bari sai an gama girbi an kwashe amfanin gona, dabbobi sun shiga sun cinye karmami, ciyawa ta bushe ta kwanta ko an ƙone ta. Wannan yana kamawa daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, wani lokaci har cikin Fabrairu. A wannan tsakanin ƙasa a fili take, kana ganin inda za ka taka tun daga nesa, dutsen kuma da safe sanyi ƙalau kamar randa. Ku yi sallar asuba ku kama hanya, ku isa da fitowar rana wajen bakwai saura, ku tattara kayanku kafin sha ɗaya. Idan akwai mai asma a cikinku, ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango dutsen daga bakin titi, ya haƙura da zuwa.

Daga Maris zuwa Afrilu kuwa kada ka yaudari kanka. Kafin ƙarfe goma dutsen ya ɗauki zafin da ba za ka iya ɗora tafin hannu a kansa ka ƙirga goma ba, kuma lokacin ne ƙudan zuma da ke cikin tsagogin duwatsu suke fama da ƙishirwa, su bi duk mai gumi da duk mai buɗaɗɗiyar gorar ruwa. Na taɓa ganin sun tarwatsa ajin yara guda, muka kwana biyu muna jinyar wani yaro da fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka rufe. Kafin ku taɓa kowane dutse, ku tsaya shiru ku saurara, ku kuma duba sama ko akwai inda suke shiga da fita.

Game da abin da za ka tarar, a duk zuwan da na yi ban ga famfo ko banɗaki ko rumfar mai shayi a gindin duwatsun ba. Abin da kuka ɗauko shi ne naku. Ku sayi ruwa da abin taɓawa tun daga Ɗan Magaji ko cikin Wusasa, ku riƙo buta, kuma duk ledar da kuka zo da ita ku koma da ita, saboda awakin mutane suna ci su mutu. Mota kuma kada ku kutsa da ita cikin gonaki, ku yi sallama a wani gida na bakin hanya ku roƙi a duba muku ita. Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne ku fara zuwa wurin mai unguwa ku gaishe shi, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, ku roƙi ya haɗa ku da wani saurayi ɗan wurin da zai raka ku, ku kuma sallame shi da abin kirki. Zamanin da muke ciki ba na baƙin fuskoki huɗu su ɓullo bayan gari da manyan ƙunshi a baya ba ne, babu wanda ya san da zuwansu. Mutanen wurin su ne suka san halin da ake ciki a wannan makon, kuma idan suka ce muku kada ku zagaya wani ɓangare, to kada ku zagaya.

Abu na ƙarshe, Kufena ba dutse ne kawai ba. Tarihin da muka gada ya nuna masu mulkin Zazzau sun zauna a Turunku da nan Kufena kafin birnin da muka sani yanzu, kuma har gobe akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayen wurin. Za ku ga tsingaro a ƙasa, da ramukan da aka yi niƙa a kan fa har suka yi sumul. Ku kalla, ku ɗauki hoto, amma kada ku ɗauke komai kuma kada ku ture duwatsun da kuka ga an jera.

Mai nazarin duwatsu ya amsa:

Assalamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, kun gama magana a kan lokaci, ni dai zan ɗan ƙara a kan shi dutsen kansa, tunda aikina ke nan, kuma na sha kai ɗalibai aikin fili a Kufena da sauran duwatsun kewayen Zariya.

Malam Ɗan Samaru, dutsen da ka saba da shi a kusa da Shefild asalinsa yashi ne da ya dunƙule, na Kufena kuwa giranit ne, wato narkakken dutse da ya huce a hankali a can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Saboda a hankali ya huce, ƙwayoyinsa manya ne, za ka ga wasu farare ko masu ɗan ja-ja da suka kai girman ɗan yatsa sun fito a jikinsa. Mulmulallun da kake hange kuma ba gangarowa duka suka yi daga sama ba. Yawancinsu a cikin ƙasa suka samu siffarsu: ruwa ya bi tsagogin dutsen shekaru aru-aru yana cin kusurwoyi da gefuna, daga baya zaizaya ta kwashe ƙasar da ta ruɓe ta bar tsakiyar a tsaye. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne ba za ka samu wuraren kamawa masu zurfi da yawa ba. Hawan zai dogara ne ga manna tafin hannu, da taka waɗannan ƙwayoyi da bakin takalmi, da bin tsaga inda aka same ta, sannan fita saman dutsen, inda ya lanƙwashe babu abin riƙewa, shi ne zai fi ba sababbin naku wahala. Kafin kowa ya hau, ku zagaya ku tabbatar da ta inda za a sauko, domin akwai dutsen da hawansa ya fi saukowarsa sauƙi nesa ba kusa ba.

Haɗarin da nake so ka riƙe da kyau shi ne ɓawo. Irin wannan dutse yana saɓulewa ne falle-falle kamar albasa, kuma wutar da ake cinna wa ciyawa duk shekara a gindinsa tana ƙara sassauta fallen waje. Sau da yawa wurin da ya fi kama da abin riƙewa shi ne bakin irin wannan falle. Ka ƙwanƙwasa shi da bayan hannu tukuna. Idan ya ba da sauti a dunƙule to lafiya, idan kuwa ya yi amo kamar ganga ko fasasshiyar tukunya, ka rabu da shi ko da ya yi maka kyau, saboda falle mai faɗin faranti yana iya ɓallowa da kai ya kuma faɗa kan wanda ke tsaron bayanka. Haka nan ku nisanci duk inda masu fasa dutse suka yi aiki, domin gefunan wurin kaifi gare su kuma abin da ya rage bai zauna daram ba.

A kan maganar hunturu, abin da aka koya maka gaskiya ne, amma da sauran bayani. Sanyin safiyar Disamba da Janairu yana sa roba ta kama sosai, kuma danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ta yadda da ƙyar za ka buƙaci alli. Sai dai ƙurar da iska ke saukewa tana kwanciya a jikin dutse kamar garin fulawa, kuma ita kanta santsi ce, don haka ku zo da buroshi mai gashin roba ku share inda za ku kama da inda za ku taka, ku kuma goge ƙasan takalmi kafin kowane hawa. Kada a yi amfani da buroshin waya, kuma kada wanda ya sa guduma ko kurfi ya sassaƙa wa kansa wurin kamawa. Bushewar iskar ma tana tsage fatar yatsu, ga kaifin ƙwayoyin dutsen, shi ya sa zuwan farko awa biyu ya ishe ku, da dare kuma a shafa man kaɗanya.

A nan ne zan ɗan saɓa wa Baba, tare da neman afuwa. Ni na fi son ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, lokacin da ruwan damina ya wanke dutsen tas kuma ƙura ba ta riga ta taru ba, toka ma ba ta baɗe ko'ina ba. Na yarda cewa ciyawa ba ta gama kwanciya ba a lokacin, amma ana iya zaɓar duwatsun da ke zaune a kan fa, inda babu ciyawa tun asali.

Ka ambaci abubuwan more rayuwa. A dajin Fontenbulo da ke kudu da birnin Faris na ƙasar Faransa, inda aka fi shekara ɗari ana wannan hawa, an yi wa duwatsu alama da fenti an kuma tanadi wuraren ajiye mota, a Rokland ta Afirka ta Kudu kuma sai ka sayi takardar izini, akwai masaukai a gonakin kewaye, mutane suna tahowa daga ƙasashe a lokacin sanyinsu na Yuni zuwa Agusta. Mu a nan dutsen kawai muke da shi, kuma a ganina dutsen namu ba abin rainawa ba ne. Roƙona gare ka guda ɗaya ne. Al'adar masu wannan wasa ce wanda ya fara hawa wata hanya ya raɗa mata suna, to kafin ka raɗa wa kowane dutse suna ka tambayi ɗan rakiyarku, domin makiyaya da manoman wurin sun riga ka sanya wa da yawansu suna, kuma nasu ne ya kamata ya shiga rubutu.

Maman Hanifa ta amsa:

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba da Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin da ake karɓar waɗanda suka yi haɗari, kuma abin da ya sa na sa baki shi ne maganar da ƙanena Ɗan Samaru ya yi cewa biyu daga cikinsu sababbi ne.

A wannan wasa duk wanda ya faɗo ƙasa zai taɓa, babu igiyar da za ta tare shi, saboda haka katifar ita ce komai. Ina roƙonka kada ka ɗauki katifar soso ta ɗaki ka ce ta wadatar. Laushinta ne illarta: dunduniya tana nutsewa ta daki ƙasa kamar babu komai, ko kuma ƙafa ta lume ta gurɗe. Wadda aka yi domin wannan aiki tana da falle mai tauri a sama da ke baza nauyin mutum, da mai laushi a ƙasa da ke shanye bugun, kaurinta kuma wajen santimita goma ne. Idan ba ka taho da irinta daga waje ba, masu yin kujerun kushin a Sabon Gari za su iya haɗa maka, in dai ka tsaya a kansu ka zaɓi soson da kanka, aka kuma rufe da tamfol mai ƙarfi. Ku yi guda biyu aƙalla, kuma ku lura da tsakaninsu idan kun haɗa su, domin a wannan ɗan ramin ƙafa ta fi karyewa. Sababbin kuma kada su wuce tsayin da ƙafarsu za ta kai kafaɗar mai tsaron bayansu a ranar farko, su fara koyon dirowa da ƙafa biyu, gwiwa a sake, ba tare da kai hannu baya don tokare ƙasa ba.

Ina faɗin wannan ne da ciwo a raina. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya diro daga kan wani dutse da bai kai tsayin ɗaki ba lokacin yana makarantar sakandare, ƙafarsa ta sauka a kan wani ɗan dutse da ciyawa ta rufe. Abokansa suka ɓoye mana, suka kai shi wurin wani mai ɗori, aka ce targaɗe ne aka ja aka ɗaure. Sai bayan kwana goma sha ɗaya, da ƙafar ta kumbura ta canza launi, aka kawo shi aka ɗauki hoto, ashe ƙashin idon sawu ne ya tsage har cikin gaɓa. Yau shekarunsa sun haura talatin, kuma duk sanyin hunturu da ɗingishi yake tashi. Don haka idan wani ya faɗo ya kasa taka ƙafar, a ɗaure ta yadda take a kai shi a ɗauki hoto a ranar. Idan kuma kai ne ya bugu, mutum ya yi amai ko ya rikice ko barci ya dinga fizgarsa, babu jira ko na minti ɗaya. Akwai asibitin mishan a cikin Wusasa kusa da ku, ga kuma Asibitin Koyarwa a Shika idan abin ya yi girma, amma duk wannan ba zai amfane ku ba idan motarku tana nesa kuma mai makullin shi ne ya ji rauni. Ku tabbatar mutum biyu sun iya tuƙi kuma kowa ya san inda makulli yake.

Baba ya ambaci macizai. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana kwanciya a ƙarƙashin duwatsu, kuma dafinta yana hana jini daskarewa, ta yadda mutum zai ga kamar lafiyarsa ƙalau a sa'o'in farko. Kada a zura hannu cikin tsaga ko rami ba a leƙa ba, a kuma zazzage takalmi kafin a sa saboda kunama. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti. Ku riƙi bandeji da filasta da maganin wanke ciwo, da ruwa aƙalla lita biyu ga kowane mutum, domin a hunturu gumi yana bushewa tun kafin a gan shi, mutum bai san jikinsa ya ƙafe ba sai kansa ya fara sarawa.

Ɗan Samaru ya sake rubutawa:

Assalamu alaikum. Baba, Malam, da Yaya Maman Hanifa, ban san da wane baki zan gode muku ba, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Na ga ya dace in dawo in ba ku labarin inda aka kwana.

Ranar Asabar da ta wuce na je ni da ɗaya daga cikin abokan, ba da niyyar hawa ba, ko takalman ba mu ɗauka ba. Mun bi shawarar Baba muka fara da gaisuwa, kuma karɓar da aka yi mana ta sa na ji kunyar daɗewar da na yi ban zo ba. Da na yi bayanin abin da muke so, dattijon da muka samu ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko akwai abin da muke nema a saman duwatsun. Na ce babu, hawan ne kawai. Ya ce to ai yaran unguwa ma abin da suke yi ke nan, bambancin dai mu mun zo da katifa, kuma ya fi son a zo da katifar. Ya haɗa mu da wani saurayi manomi wanda ya zagaya da mu kusan awa uku.

Mun samu rukunin duwatsu guda biyar a kan wani fa mai faɗi, irin wanda Malam ya kwatanta, ƙasansu a share babu ciyawa. Biyu gajeru ne masu ɗan kwanciya, sun dace da sababbinmu, kuma ana sauka ta bayansu da tafiya. Na uku yana da tsaga da ta tashi daga ƙasa har sama, daidai shigar yatsu, na daɗe a tsaye ina kallonta. Na ƙwanƙwasa wani falle da ke gefenta wanda da a ce ban karanta bayanin Malam ba da shi zan fara kamawa, sai ya amsa mini kamar an buga ƙwarya. Na huɗun kuma ɗan rakiyarmu ya riƙe mini hannu tun kafin in matsa, ya nuna mini sama, sai ga zuma suna shiga wani rami ɗaya bayan ɗaya. Wannan mun bar musu shi. Na tambaye shi sunayen duwatsun, ya faɗa mini sunayen guda uku daga ciki, na rubuta su yadda ya faɗa.

Dawa ba ta gama barin gonakin da ke kan hanyar ba, shi ya sa muka yanke cewa za mu jira sati uku, abin da zai kai mu tsakiyar Disamba, kusan inda shawarar Baba da ta Malam suka haɗu. Katifa ɗaya na taho da ita daga Ingila, jiya kuma na kai ta Sabon Gari wani mai kushin ya zuge ta ya ga yadda aka jera soson, ya ce zai yi mini biyu irinta. Yaya, idan ya gama ina so in kawo miki hotonsu da kaurin kowane falle ki duba kafin in biya shi cikon kuɗin.

Baba, saura tambaya ɗaya. Saurayin da ya raka mu ya ce shi da ƙannensa biyu suna so su gwada takalman ranar da muka dawo, ni kuma har raina ina so, domin na ga yadda yake taka dutse da silifa ba tare da ya duba ƙasa ba. Amma ƙannen nasa yara ne, ɗaya bai fi shekara goma sha biyu ba. Shin in koma wurin dattijon da ya haɗa mu, ko mahaifinsu ya kamata in nema kai tsaye?

Baba na Wusasa ya amsa:

Ɗana, ka koma wurin dattijon, shi zai kai ka ga mahaifinsu, kuma kada yaro ya ɗora ƙafa a dutse a gabanka sai uban ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda. Ka riƙa goro idan za ka je. Ranar da kuka sa kuma ka sanar da ni a nan tun da kwana biyu, in Allah ya ba ni lafiyar gwiwa zan zo in zauna a kan fan in gani, akwai wasu duwatsu a bayan wannan rukunin da nake so in nuna wa Malam.